Ruwan zafin Hajiya: yadda hita ta ɗauki laifin da ba nata ba a wani gida a Barnawa

Gidan Yayana ne a Barnawa. Ba bene ba ne, tsohon gida ne da ya saya ya yi wa kwaskwarima: sabon rufi, sabon tayil, sababbin ƙofofi. Abin da bai taɓa ba shi ne bututun ruwan da ke binne a ƙasa da cikin bango, domin a lokacin ruwa na zuwa, kuma ba wanda zai fasa bango yana neman ciwon da bai nuna kansa ba. Ruwan gidan na rijiyar burtsatse ne. Sumo ke tura shi zuwa tankin roba mai cin lita 2,000 da ke kan ƙarfe a bayan gida, daga nan ya gangaro da kansa zuwa kicin da banɗakuna uku. Haka tsarin yake a gidaje da yawa a Kaduna. Ko waɗanda ruwan famfo ke isa gare su daga matatar Malali, galibi a tanki suke fara tara shi, saboda haka ƙarfin da ruwa ke fita da shi a cikin ɗaki tsayin tankin gidan ne ke ba da shi.

Mahaifiyarmu Hajiya ta dawo gidan da zama gab da shigowar hunturu. Tana fama da ciwon gwiwa da na yatsu, sanyin asubar Disamba da Janairu a Kaduna kuwa wanda ya sani ya sani. Ɗakin da aka ba ta na baƙi ne a da, kuma akwai tsohuwar hita mai tara ruwa, lita 30, a banɗakin. Yaya ya ji daɗin haka, ya ce an huta da dafa ruwa a kan gas ana jigila da bokiti.

Ba a huta ba. Da asuba idan ta murɗa famfon zafi, sai ya yi ta tari yana tsartuwa, can ya saki ruwa siriri kamar zare. Shawa ba ta fesawa, ɗiga take ta 'yan ƙofofi kaɗan. Idan ta buɗe na sanyi don ta sirka, na zafin sai ya ɗauke gaba ɗaya. Hajiya ba mai ƙorafi ba ce. Ta yi kwanaki tana alwala da ruwan sanyi ba ta faɗa wa kowa ba, har sai da matar Yaya ta lura da yadda take murza yatsunta bayan sallah. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a duk lamarin, shi ya sa na zauna na bi diddiginsa daga farko. Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, ƙarshen mako nake zuwa gidan. Abin da ya faru ba na nan, daga bakin Yaya da matarsa na ji, sai kuma kayan da aka ciccire aka jibge a sito, waɗanda na duba ɗaya bayan ɗaya.

Sabuwar hita, tsohon ciwo

Mai gyaran famfo na farko ya zo da hantsi, wajen ƙarfe sha ɗaya. An kawo wuta tun safe, sumo ya cika tanki har yana ambaliya. Ya murɗa famfon zafi, ruwa ya zo, ba da ƙarfi sosai ba amma ya zo. Ya ce, "Alhaji, ai ruwa na zuwa." Ya tafi. Bayan kwana uku aka sake kiransa, ya sake zuwa da rana, wannan karon ya yanke hukunci cewa hitar ta tsufa, cikinta ya cushe. Yaya ya sayo sabuwa mai lita 50. Aka ɗaura ta a inda aka cire tsohuwar, can sama kusa da silin, aka mayar mata da ɗan bawul ɗin da ke jikin tsohuwar saboda zarensa ya riga ya dace da bututun. Washegari da asuba famfo ya ci gaba da tarinsa.

Ban ga laifin mutumin a kan abin da ya gani ba, domin a lokacin da ya zo ruwan na zuwa da gaske. Inda ya kuskure shi ne ɗaukar hita a matsayin abin da ke ba ruwa ƙarfi. Mutane da yawa haka suke zato. Hita mai tara ruwa tulu ne rufaffe, da ƙarfen dumama ruwa a ciki, wanda ake kira elimen, da ɗan abin da ke yanke wuta idan zafi ya kai inda aka saita. Babu wani inji a cikinta. Ruwan sanyi ne ke shiga ta ƙasa ya ture na zafi ya fita ta sama. Gwargwadon ƙarfin da ya shigo da shi, gwargwadon abin da zai fita, har ma a rage saboda abin da ya ɓata a hanya. Ko hita goma aka jera, ba za su ƙara wa ruwa ko taki ɗaya na ƙarfi ba. Tsohuwar da aka cire tana nan a sito. Na zuba mata ruwa ta mashiga ya fita ta mafita sumul.

Da aka koma masa, sai hankalinsa ya kai ga ɗan bawul ɗin nan na tagulla da ke bakin mashigar ruwan sanyi. Ya ce shi ne ke shaƙe ruwa, ya cire shi, ya haɗa bututu kai tsaye. Kuma ruwan ya ɗan ƙaru, domin bawul ɗin a cike yake da yashi da jan laka na burtsatse. Sai dai wanke shi ya kamata a yi, ko a sa sabo. Wannan ɗan ƙarfe aiki biyu yake yi. Na farko, yana barin ruwa ya shiga hita, ya hana shi komawa baya. Na biyu, yana da ɗan baki a gefe da ke buɗewa ya zubar da ruwa idan matsi ya yi yawa a cikin tulun. Da aka cire shi, abin da ya fara bayyana shi ne ruwa mai ɗumi a famfon sanyi na makwabcin banɗaki. Ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Sai ranar da aka kwana biyu babu wutar kirki, tankin sama ya ƙare ƙaf, yara suka yi ta buɗe famfunan ƙasa suna tatsar abin da ya rage. Ruwan hitar ya bi bututu ya koma baya ya fita ta can. Da aka kawo wuta cikin dare, makunnin hitar na kunne, elimen ya yi zafi a cikin tulun da babu ruwan da zai rufe shi. Irin wannan ƙarfe an yi shi ne ya yi aiki a nutse cikin ruwa, idan ya hau sarari ba ya daɗewa yake ƙonewa. Sabuwar hita, ko wata guda ba ta yi ba.

Busta

Yaya ya sauya mai gyara. Na biyun ya sa sabon elimen, ya sayo sabon bawul ya mayar a mazauninsa, kuma a nan ya yi daidai. Sannan ya ba da shawarar ɗan injin tura ruwa, wanda suke kira busta, mai tashi da kansa idan an buɗe famfo. Aka ɗaura shi a gindin ƙarfen tanki, a kan tsohon bututun.

Idan akwai wuta, shawar Hajiya ta koma fesawa har da ƙara. Kwana biyu gida na murna. Amma injin wuta yake sha, kuma asuba ba kullum ake samun wuta ba. Duk ranar da babu, dole ruwan ya ratsa ta cikin injin da ke tsaye, ta 'yan lungunansa, kafin ya kama hanya. Ba a yi masa hanyar kewaye ba. Ranar da babu wuta, ruwan Hajiya ya koma ƙasa da yadda yake kafin a fara taɓa komai. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Ga kuma wani danshi da ya fara fitowa a bangon banɗakin yara, domin tsohon bututun da ya saba da ruwa mai tafiya a hankali ya fara jin matsin da bai taɓa ji ba.

Sai kuma ɗiga. Sabon bawul ɗin ya fara zubar da ruwa ta ɗan bakinsa na gefe duk lokacin da hitar ke aiki. Ɗis, ɗis, a kan tayil, daidai inda Hajiya ke tsayawa. Matar Yaya ta ji tsoron kada santsi ya kwashe ta, kuma tsoron nata a kan hanya yake. Ta kira mai gyaran, ya turo yaronsa. Yaron ya fiƙe ɗan icce ya cusa a bakin, ya naɗe da roba ya ɗaure tam da waya. Ɗiga ta tsaya.

Ranar Asabar na shiga gaishe da Hajiya, ta ce in duba mata ƙwan fitilar banɗaki da ya mutu. Ina ɗaga kai na ga ɗaurin. Gabana ya faɗi. Na kashe makunnin hitar, na buɗe famfon zafi don matsin ya sauka, na warware wayar na zare iccen, sannan na fita neman Yaya.

Abin da na bayyana masa shi ne wannan. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Daga sanyin digiri 20 zuwa zafin digiri 60 yakan ƙaru da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. A lita 50, wannan ya kusa kashi uku cikin huɗu na lita guda. Ruwa kuma ba ya matsuwa kamar iska. Idan tulu a cike yake, famfo a rufe, bawul ya tare hanyar komawa, to wannan ƙarin dole ya sami mafita. Ɗigar nan ita ce mafitar, kuma alama ce ta bawul mai lafiya. Tsohon bai taɓa ɗiga ba ne saboda yashi ya hana shi rufewa da kyau, ruwan na sulalewa baya zuwa tanki ba a sani ba. A jikin sabon an rubuta bar 8, wato ba ya buɗewa sai matsin cikin tulun ya kai kwatankwacin nauyin ruwan da aka ɗaga sama mita 80. Wanda ya toshe shi ya ce wa tulun ya jure abin da ya wuce haka. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne tulun ya tsage ya fara yoyo. Mafi muni shi ne ranar da abin yanke wutar ya maƙale, elimen ya ci gaba da dafa ruwa. Ruwan da ke cikin matsi yana wuce digiri 100 bai tafasa ba, da zarar ƙarfen ya tsage kuwa sai wani sashensa ya rikiɗe tururi nan take, tururi kuma yana cin wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga gare shi. A ɗan banɗakin da tsohuwa ke shiga ita kaɗai da duhun asuba.

Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To yanzu wa za mu kira?"

Dattijon da ya zo da bokiti

Wani abokin aikina ne ya haɗa mu da wani dattijo a Tudun Wada, wanda ya daɗe a sana'ar har ya fara ja da baya ya bar wa yara. A waya ya yi mini tambaya guda da babu wanda ya yi a baya: "Malam, wane lokaci ne ruwan ya fi wahala?" Na ce da asuba, Baba. Ya ce to da asuba zai zo, kada a kunna sumo, kada a kunna busta, a bar komai yadda Hajiya ke samunsa.

Ya iso bayan an idar da sallah, da yaronsa a bayan babur. Kayan aikin da ya fara nema bokiti ne mai lita 10, da tsani, da tef ɗin awo. Agogon hannunsa ya isa sauran.

Ya fara hawa ya leƙa tanki. Ruwan da ya rage bai wuce santimita 30 ba. Dalilin a fili yake da an tsaya an yi tunani: da rana ake kunna sumo, sannan a yi wanki, a yi girki, a yi wankan yamma da wanke-wanken dare, duk daga cikin abin da aka tara. Asuba ita ce lokacin da tanki ya fi yin ƙasa, hantsi kuma lokacin da ya fi cika. Masu gyara biyu sun zo a lokacin da ciwon ke barci.

Sai awo. Gindin tankin yana mita uku da rabi daga ƙasan tsakar gida. Daɓen ɗakuna ya ɗara tsakar gida da rabin mita. Kan shawa yana mita biyu daga daɓe, wato mita biyu da rabi daga ƙasa. Ƙarfin ruwan tanki ba daga yawan litocinsa yake ba, daga tazarar da ke tsakanin saman ruwan da bakin da zai fita yake. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kusan bar 1. Idan tankin Yaya ya cika, saman ruwan na kaiwa wajen mita biyar, tazara zuwa kan shawa mita biyu da rabi. A safiyar nan tazarar mita ɗaya da santimita 30 ce kacal, kusan rabin ta hantsi. Kan hitar kuwa, da yake an manna ta da silin, bai fi santimita 60 a ƙasa da saman ruwan tanki ba. A irin wannan wuri iska ke taruwa a sama ta ƙi fita, domin babu ƙarfin da zai kore ta. Tarin da famfo ke yi ke nan. Na kuma gane dalilin da ya sa ɗan famfon ƙasa na cika buta kullum ya fi shawa kuzari: ya fi ta ƙasa da kusan mita ɗaya da rabi, wannan tazarar kuma ƙarfi ce. Shi ne yake ruɗar mutane su ce ai ruwan gidan lafiya lau, hitar ce.

Daga nan Baba ya bi ruwan da bokiti, yana kallon agogo. A famfon da ke gindin tanki, kafin busta, bokitin ya cika cikin daƙiƙa 40. A famfon sanyi na banɗakin Hajiya, minti uku. A na zafi, ya kusa minti takwas. Ya sa yaronsa ya kwance bustan ya haɗa bututu kai tsaye, na sanyin ya sauko zuwa minti biyu. Wato injin da ke tsaye yana cin nasa kason, amma ba shi kaɗai ba ne. Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Daga nan zuwa can akwai abin da ke cinye shi." Ya nemi izinin Yaya ya tona ƙasa a bayan tagar kicin.

Bututun ƙarfe ne irin na da, mai rabin inci, ya yi tafiyar sama da mita 20 daga tanki yana karya kwana, shi kaɗai ke ciyar da gidan duka. Baba ya yanke guntu ya miƙa wa Yaya ya ce ya leƙa. Tsatsa ta yi tudu a ciki ta ko'ina, ramin da ya rage da ƙyar biro zai shiga. Irin wannan bututu daga waje za ka ga ƙarfe lafiyayye, ta ciki yake mutuwa. Idan farin rufin da ke kare shi ya cinye, tsatsa takan taru tana kama yashin da ruwa ya kawo, shekara da shekaru rami na tsukewa. Yashin kuma daga tanki yake sauka, domin an huda mafitar ruwa a can ƙasa daf da gindi, kuma tun da aka ɗora tankin ba a taɓa wanke shi ba. Da aka sauke shi daga baya, lakar da ke kwance a ciki ta isa a kwasa da cebur.

Batun ruwan zafi da ke ɗaukewa idan an buɗe na sanyi ma ya warware a nan. Su biyun a reshe ɗaya suke sha. Na sanyi hanyarsa gajera ce, na zafi sai ya hau sama, ya ture ɗan sifirin da ke cikin bawul, ya ratsa tulu, ya sauko. Idan abin da ke zuwa kaɗan ne, duk sai ya bi hanya mai sauƙi.

Abin da aka yi

Baba bai ce a yar da komai ba, bai kuma ce a sayi wata hita ba. Ya ce a fara da tsayi, domin shi ne ƙarfin da ba ya jiran wuta. Aka kira masu walda daga Panteka suka yi sabon ƙarfe, gindin tanki ya koma mita shida. A nan ya fi tsananta wa Yaya, don Yaya ya so a yi wa tsohon ƙarfen ƙari ne kawai. Baba ya ƙi. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, cikakken tankin tan biyu ke nan a sama, ga iskar farkon damina. Aka haƙa ramuka huɗu aka zuba kankare, aka yi wa ƙafafun ƙarfen gicciye. Mafitar ruwa aka ɗaga ta sama kaɗan daga gindi don laka ta sami wurin kwanciya, aka sa matata mai buɗewa a bakin layin.

Daga tanki aka ja sabon layi mai inci ɗaya ta bayan gida, aka cire wa banɗakin Hajiya reshe nata mai inci uku bisa huɗu. Bambancin rabin inci da uku bisa huɗu a ido kaɗan ne, amma faɗin ramin ya ninka fiye da sau biyu. Ɓangaren zafi aka yi shi da koren bututun nan na PPR, domin farin bututun roba na yau da kullum ba a yi shi don ruwan zafi ba, yana laushi ya saki haɗi. Na lura Baba ya zaɓi mai lamba 25 maimakon 20, wato wanda ya fi faɗi, ya ce naman jikinsa kauri gare shi, ramin ciki bai kai yadda ake gani daga waje ba. Na kuma ga wani abu da ban taɓa kula da shi ba. Ana haɗa irin wannan bututu ne da injin da ke narka bakinsa, kuma idan aka bar shi ya daɗe a wuta ko aka danna da ƙarfi, narkakkiyar robar takan taru a ciki ta tsuke rami. Duk haɗin da yaron ya yi, sai Baba ya ɗaga shi ya hango haske ta ciki kafin a ci gaba. Biyu ya sa aka yanke aka sake.

Ita hitar an sauke ta ƙasa kaɗan daga silin. An wanke bawul ɗin, an sa masa siririn tiyo daga ɗan bakin nan zuwa magudanar ruwa, yana gangarawa, bakinsa a buɗe inda ido zai gani. Ɗiga ta daina taɓa tayil. Bustan ma an mayar da shi, amma da hanyar kewaye da makullanta, yadda in babu wuta ruwa zai bi ta gefe. Kan shawa aka canza da mai manyan ƙofofi.

Da aka buɗe murfin wutar hitar, sai ga waya biyu kawai, babu ta ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. Wannan ba aikin Baba ba ne, ya ce a kira mai wuta kafin a sake kunnawa. Mai wutar ya kafa ƙarfen ƙasa, ya ja waya ta uku, ya sa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, mai miliamfa 30, ya fitar da makunnin zuwa wajen banɗaki.

An ɗan yi muhawara a kan zafin da za a saita. Matar Yaya ta so a rage shi sosai saboda yunit, kuma tun ƙarin kuɗin wutar da aka yi wa masu rukunin A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, a watan Afrilun 2024, kowa a garin nan ya koyi wannan lissafi. Yaya ya so a kai shi ƙarshe don ruwan ya isa mutum biyu. Baba ya tsayar da shi a wajen digiri 60, ni kuma na goyi bayansa. Ruwan da ke kwance da ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45, shi ne inda ƙwayar cutar Legionella ke yaɗuwa, kuma tana shiga huhu ne ta feshin shawa, tsofaffi ta fi yi wa illa. Abin da ya haura 60 kuwa yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ko 60 ɗin ma ba a tara masa hannu tsagwaronsa. Baba da kansa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, ki riƙa fara buɗe na sanyi, sannan ki ƙara na zafin a hankali." Ta ce, "To Malam, Allah ya saka da alheri."

Bayan mako guda na kwana a gidan don in gwada da kaina. Da asuba, babu wuta, busta a kashe, bokitin lita 10 ya cika daga famfon zafi cikin ƙasa da minti biyu. Babu tari. An kuma mayar da kunna sumo zuwa yamma duk ranar da aka sami wuta, don tanki ya kwana da ruwa.

Akwai abin da gyaran bai taɓa ba. Dumama lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin yunit biyu da 'yan kai, kuma elimen mai wat 1,500 yana buƙatar kimanin awa ɗaya da rabi idan wuta ta cika bolt 230. Wasu dararen mai wutar ya auna ya ga 180. A wannan ƙarfin elimen ɗin kashi 60 cikin ɗari na zafinsa kawai yake bayarwa, aikin awa ɗaya da rabi ya koma na awa biyu da rabi. Don haka yanzu da magariba ake kunna hitar idan akwai wuta, a kashe kafin a kwanta, rufin jikinta ya riƙe ɗumin zuwa asuba. Ranar da wuta ta ƙi zuwa sam, tukunya da gas ne, kamar da.

Banɗakin yara da na Yaya har yanzu ƙarshen layinsu tsohon ƙarfen ne da ke cikin bango, don sai an fasa tayil kafin a kai gare shi, kuma kuɗin sun tafi a ƙarfen tanki. Danshin nan na bangon yara bai bushe ba, ƙarin tsayin tankin ma ya sa ya ɗan faɗaɗa. Baba ya zagaye shi da fensir ya ce a riƙa dubawa, idan ya tsallake layin a rufe makullin wannan reshen a kira shi. Matar Yaya ce ta ɗauki nauyin ɗaga ɗan hannun bawul ɗin sau ɗaya a wata don ta ga ruwa ya fito ta tiyo, da wanke matatar duk ranar Asabar. Makon jiya da ta buɗe ta, yashin da ya taru ya kai cikin cokali biyu, kuma Baba ya ce idan ya ci gaba da yawa haka sai an ɗaga sumon sama kaɗan daga gindin rijiyar.